Metiro: Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa da Masu Tsaron Ƙofarsa

  Ina gaida ɗaliban yaƙi da jahilci na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da na ƙauyuka duka inda muryarmu take kaiwa.

Ran nan a ajinmu na dare, bayan mun gama lissafi, wani dattijo ya ɗaga hannu. Ya ce ɗansa da ke karatu a Faransa ya gaya masa ta waya wai kullum cikin rami yake shiga jirgi ya tafi makaranta. Ya ce: "Malam, anya yaron nan ba wasa yake mini ba?" Ƴan aji suka fashe da dariya. Na ce masa: "Baba, gaskiya ya faɗa maka. Akwai jirgin, kuma sunansa metiro." Daga nan tambayoyi suka yi yawa. Wa ke karɓar kuɗin mota? In mutum bai biya ba, me ake yi masa? Na yi musu alkawari zan kawo amsa a wannan fili, don kowa ya ji.

Abin da ya sa aka haƙa ƙasa

Birni in ya girma ƙwarai, hanyoyinsa ba sa ɗaukar jama'arsa. Ku tuna yadda bakin babbar kasuwa yake cushewa ran jajibirin salla: ga mota, ga babur, ga amalanke, kowa yana neman wucewa. To, a manyan biranen duniya kullum haka ne, safe da maraice. Gidaje sun tsare ko'ina, ba wurin faɗaɗa hanya. Sai aka haƙa dogon rami a ƙarƙashin gidajen, aka shimfiɗa dogo a ciki, aka sa jirgi.

Landan ce ta fara, a shekarar 1863. Jirgin farko da gawayi yake tafiya, hayaƙi ya cika ramin. Paris ta buɗe nata ran 19 ga Yuli 1900, Niyok ta Amurka ta biyo a 1904. A Afirka, Alƙahira ce ta fara, a 1987, sai Aljas a 2011. Alhazanmu da suka hau jirgin da ke jigila tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, wanda aka buɗe a 2010, sun ga ɗan'uwansa, sai dai shi a bisa ginshiƙai yake tafiya.

Yau zancen na Paris zan fi yi, tun da can ne ɗan dattijon nan yake. Yana da tasha fiye da 300. Wasu tashoshin ba su da zurfi, wasu kuwa kamar rijiya suke: wadda ake kira Abbesses ta kai mita 36, wato wajen gaba ashirin. A rana guda ana shiga wannan jirgi wajen sau miliyan 4. In an tara mutanen biranen Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa gaba ɗaya, ba su kai haka ba. Yana fara aiki wajen ƙarfe biyar da rabi na asuba, ya tashi wajen ƙarfe ɗaya na dare. Lokacin da mutane ke tafiya aiki, ba a yin minti uku jirgi bai zo ba.

Da lantarki yake tafiya. Akwai wani ƙarfe a gefen dogo mai ɗauke da wuta, bolt 750. Wutar gidajenmu 220 ce, kun kuwa san yadda take fizgar mutum. Don haka ne aka hana sauka kan dogo, ko da hularka ce ta faɗa ko wayarka. Sai ka kira ma'aikacin tasha.

Tashar da ba ta da ɗan kamasho

A tasharmu ta mota, wanda bai iya karatu ba bai ɓace ba. Ɗan kamasho yana kira: Tasawa! Ƙonni! Dogon Dutsi! Ka ji sunan garinku, ka matso. In kuɗinka bai cika ba, ka roƙi yaron mota, wataƙila ya rage maka. In ka yi barci, maƙwabcinka ya tashe ka.

A metiro ba mai kira, ba mai ciniki. Allo ne yake magana. A bakin titi za ka ga babban harafi, M, ko kalmar METRO, da matakala ta gangara ƙasa. Kowane layi yana da lambarsa da launinsa: layi na 1 rawaya ne, layi na 4 shuni-shuni. Kowane layi kuma yana da baki biyu, jirgi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa. Ba a rubuta gabas ko yamma. Sunan tasha ta ƙarshe ake rubutawa, shi ne yake nuna maka inda jirgi ya nufa.

Ga misali. A ce kana Gare du Nord, babbar tashar jiragen arewa, kana son zuwa Château Rouge, unguwar da ƴan Afirka ke sayen kuɓewa da busasshen kifi da manja. Layi na 4 za ka nema. Bakinsa ɗaya Porte de Clignancourt, ɗaya bakin Bagneux. Kai Porte de Clignancourt za ka bi. Jirgi ya tsaya sau ɗaya, ka zauna. Ya tsaya na biyu, ka sauka. Sa'an nan ka nemi shuɗin allo mai haruffa shida, SORTIE, wato mafita. In ka bi Bagneux kuwa, jirgi ya yi kudu da kai, kana ta nisa da kasuwarka, ba kuma wanda zai ce maka ka yi kuskure.

Kun ga ba sai mutum ya ji Faransanci ba. Wanda ya san haruffa da lambobi, irin waɗanda muke koyo da Hausa, yana iya gwada sunan da ke rubuce a takardarsa da sunan da ke allo, harafi da harafi. Akwai layuka uku ma, na 1 da na 4 da na 14, da ba su da direba sam. Na'ura ce ke tuƙa su.

Cikin jirgi akwai ladabinsa. A bar masu fita su fita tukuna. In ƙaho ya yi ƙara, ƙofa za ta rufe ke nan, kada ka kutsa. Ba a shan taba, ba a ɗora ƙafa bisa kujera, ba a jan ƙugiyar tsayar da jirgi sai da dalili. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai tararsa. Wasu kujeru kuma na tsofaffi ne da makafi da mata masu ciki. Wannan dai ba sai an koya mana ba.

Ƙofa da tikiti

Kafin ka kai ga jirgi akwai ƙofar ƙarfe. Da can mutum ne ke zaune a wurin yana huda tikiti da ɗan almakashi, amma tun farkon shekarun 1970 na'ura ta karɓe masa aiki. Tikitin kwali ma tun 2021 aka fara janye shi. Yanzu kati ake amfani da shi, mai suna Navigo, ko wayar salula. Ka zuba kuɗi a katin, ka ɗora shi bisa na'ura, ta yi ƙara, ƙofa ta buɗe, mutum ɗaya ya wuce.

A 2025 kuɗin shiga sau ɗaya yuro 2,50 ne. Yuro ɗaya wajen sefa 656 ne. Wato sefa 1.640 ke nan, jika ɗaya da dala 128. Yaro da bai kai shekara 4 ba ba ya biya. Daga shekara 4 zuwa 9 rabin kuɗi ne.

Ku lura da wannan da kyau, nan ne baƙo ya fi faɗawa. Sayen tikiti kaɗai bai isa ba. Sai na'ura ta shaida shi. Ko ka tarar da ƙofa a buɗe, ko ta lalace, ko wani mai kirki ya riƙe maka ita, in ba ka ɗora katinka ba, a idon doka ba ka biya ba. Kati ɗaya kuma ba ya shigar da mutum biyu a tafiya guda. Katin wata-wata na mai shi ne shi kaɗai, da sunansa da hotonsa, ba a ba da aronsa ko ga ƙane. Akwai kuma masu tsayawa a bakin tasha suna sayar wa baƙi tikiti da araha. Sau da yawa na yara ne, ko wanda ya riga ya yi aiki. Wanda ya saya shi ke biyan tara, mai sayarwa ya daɗe da tafiya.

Masu duba tikiti

Wani zai ce, tun da ba mutum a ƙofa, me zai hana a tsallake? Ana tsallakewa kuwa, kullum. Wasu su haura ta sama, wasu su manne a bayan wani su wuce tare. Sai dai masu duba tikiti ba a ƙofa suke tsayawa ba. Sukan taru su biyar ko shida a bayan kwana, cikin dogon lungun da ke kai mutum waje ko zuwa wani layi. Ka karyo kwana sai ka gan su sun tare hanya. Wani lokaci da kayan aiki, wani lokaci da kayan gida, sai sun nuna maka katin aikinsu. Suna da ƴar na'ura a hannu da ke karanta katinka, ta faɗi wurin da ka shiga da lokacin. Shi ya sa tikiti shi ne shaidarka har ka fito sarari.

Wanda aka samu ba tikiti, tara ta hau kansa, abin da wasunmu ke ce wa amandi. Kamfanin da ke tafiyar da metiro, RATP, ya ƙara ta a watan Yuni 2025. In an biya nan take, yuro 70 ne, wajen jika 46. In sai daga baya cikin wata uku, yuro 120. In aka wuce haka, maganar ta koma hannun baitulmalin gwamnati, ta zama yuro 180, wajen jika 118. Ku yi lissafi da kanku: a farashin 2025, yuro 70 kuɗin shiga sau 28 ne.

Wanda ya biya nan take, a ba shi takardar shaida, magana ta ƙare. Ya karɓi takardar, ya adana. Wanda ba shi da kuɗi a aljihu, sai su nemi takardar shaidarsa, su rubuta sunansa da inda yake zaune. Kada kuma wani ya yi tunanin kai hannu aljihu ya ba da na goro. Wannan wani laifi ne dabam, ya fi na farko girma nesa.

Wata doka ta watan Maris 2016 ta ƙara tsananta abin. Wanda ya ba da sunan ƙarya ko adireshin ƙarya yana iya shan ɗaurin wata 2 da tarar yuro 3.750. Wanda aka rubuta fiye da sau 5 cikin wata 12 bai biya ba, ya zama mai laifin sabo, hukuncinsa yana iya kai wata 6 a gidan kaso da yuro 7.500. Har wanda ya sanar da jama'a cewa masu duba tikiti suna wuri kaza, dokar ba ta bar shi ba. Tun farkon 2025 kuma kamfanonin sufuri suna iya gwada adireshin da mutum ya bayar da wanda ke rubuce a ofishin haraji.

Ba duk mai kaki ne ɗan sanda ba

Iri uku ne za ka gamu da su a ƙarƙashin ƙasa, ikonsu kuma ba ɗaya ba ne. Na farko su ne masu duba tikiti. Ma'aikatan kamfani ne. Suna da ikon neman tikiti da rubuta tara da tambayar sunanka. In ka ƙi nuna takarda, ba su da ikon lalube aljihunka. Sai su kira ɗan sanda, kai kuma dole ka tsaya har ya ba da umarni. Gudu a wannan lokaci laifi ne na kansa.

Na biyu su ne masu tsaron kamfani, wajen mutum dubu, da shuɗin kaya mai duhu. Suna riƙe da makami, amma su ma ba ƴan sanda ba ne. Na uku su ne ƴan sandan gwamnati, waɗanda aka keɓe domin jiragen birnin da kewayensa. Aikinsu kama ƴan yankan aljihu da masu cin zarafin mata da masu faɗa. Su ne ke da ikon binciken takardu. Wanda ya kasa nuna ko shi wane ne, suna iya riƙe shi har awa 4 don su tabbatar. Baƙo kuwa, doka ta ce kullum ya iya nuna fasfo ko takardar zamansa. In ana shakkar zamansa a ƙasar, ana iya riƙe shi har awa 24.

Kun ga yadda abin yake hawa. Daga tikitin jika ɗaya da ƴan kai, an zo ga tambayar suna. Daga suna an zo ga takardar zama. Wanda takardunsa ba su cika ba, tsallake ƙofa guda yana iya zama sanadin a ba shi umarnin barin ƙasar.

Wa ake tsayarwa?

Akwai wata magana da ba zan ɓoye muku ba. Doka ɗaya ce ga kowa a takarda, amma idon mai tsayarwa yana zaɓe. A 2009 aka fito da wani bincike da masana biyu na Faransa, Fabien Jobard da René Lévy, suka jagoranta. An sa mutane sun tsaya a Gare du Nord da Châtelet-Les Halles suna ƙidaya waɗanda ƴan sanda ke tsayarwa, fiye da sau 500. Sai aka ga baƙar fata an fi tsayar da shi wajen ninki 6 bisa farar fata, Balarabe kuwa kusan ninki 8. A 2017 hukumar kare haƙƙin jama'a ta ƙasar ta ce saurayin da ake gani baƙi ko Balarabe, ninki 20 ya fi sauran mutane yiwuwar a tsayar da shi. A watan Oktoba 2023 babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati ta yarda cewa wannan abu ba sau ɗaya ko sau biyu yake faruwa ba.

Wanda ake tsayarwa kullum, zuciyarsa takan cika. Ran 27 ga Maris 2007, a Gare du Nord ɗin nan, aka kama wani mutum da ba shi da tikiti. Waɗanda ke wurin suka ga kamar an yi masa kamun wulaƙanci. Kafin dare ɗaruruwan matasa sun taru, aka yi awoyi ana artabu da ƴan sanda a cikin tasha, aka fasa shaguna, aka harba barkonon tsohuwa.

Yadda Niyok ta yi

Bari mu tsallaka teku zuwa Amurka, don can ne aka fi yin gardama a kan wannan. A 1990 jirgin Niyok ya lalace da fashi da ƙazanta, mutane suna tsoron shigarsa. Aka naɗa wani mai suna William Bratton shugaban ƴan sandan jirgin. Shi ra'ayinsa, in aka ƙyale ƙaramin laifi, babba zai biyo baya. Sai ya sa a riƙa kama masu tsallake ƙofa da yawa. Ya ce cikin kowane bakwai da aka kama, ɗaya dama ana nemansa kan wani laifi. Laifuffuka sun ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo. Har yau masana suna jayayya a kan ko wannan dabara ce ta rage su, don a wasu biranen da ba su bi ta ba ma sun ragu.

Waɗanda aka yi ta kamawa kuwa galibi talakawa ne, baƙaƙen fata da ƴan asalin Latin Amurka. Mutum ya kwana a tsare, sunansa ya shiga littafin masu laifi, gobe ya nemi aiki a hana shi. A 2017 babban mai gabatar da ƙara na yankin Manhatan ya ce zai daina kai yawancin irin waɗannan gaban alƙali. Hukumar jirgin ita kuma tana kukan hasara: ta ce a 2022 kaɗai masu tsallake ƙofar metiro sun sa ta rasa dalar Amurka wajen miliyan 285. A watan Maris 2024 gwamnar jihar ta tura sojoji 750 tashoshi suna duba jakunkunan mutane.

Ran 15 ga Satumba 2024, a wata tasha ta unguwar Buruklin, ƴan sanda biyu suka bi wani mutum da ya shiga bai biya ba. Kuɗin shiga a lokacin dalar Amurka 2,90 ne, wajen jika ɗaya da ɗari bakwai namu. Mutumin yana riƙe da wuƙa, ya ƙi yar da ita. Suka buɗe wuta. Harsashi ya same shi, ya sami ɗan sanda ɗaya, ya sami mutum biyu da ba ruwansu, ɗaya daga cikinsu a ka. Ƴan sanda suka ce saboda wuƙa suka yi harbi. Mutanen unguwa suka fito zanga-zanga, suka ce ai saboda tikiti aka fara binsa.

Ni dai a ganina, biyan kuɗin jirgi wajibi ne. Da shi ake biyan ma'aikata da wuta da gyara, kuma wanda bai biya ba ya hau wuyan wanda ya biya, wanda sau da yawa shi ma talaka ne. Amma hukunci yana da ma'auni. Abin da ya fi damuna kuma, na'ura ba ta bambanta mai niyyar cuta da baƙon da ya ga ƙofa a buɗe ya wuce don bai karanta allo ba. Su biyu tara ɗaya za su biya. Wanda ya ga an zalunce shi yana da ikon rubuta takardar koke ga kamfani, amma kun ji, rubutawa zai yi. Gardama da ɗaga murya a cikin lungu ba sa rage ko tamma, sai dai su ƙara masa laifin zagin ma'aikaci.

Dattijon ajinmu da ya ji wannan duka, sai ya ce in rubuta masa lambobin nan uku a allo, 70 da 120 da 180. Ya kwafe su da hannunsa a littafinsa, ya ce ran Juma'a in ɗansa ya kira zai tambaye shi ko akwai hotonsa a katin.

Malaman azuzuwa, a wannan mako ku rubuta wa ɗalibai METRO da SORTIE a allo, su nemo haruffan da suka sani a ciki. Ku ba su kuma lissafin yuro 120 da sefa. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.